Turancin Aiki da Jarrabawar Neman Aiki: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Na daɗe ina zama da matasa da ma'aikata ranakun Asabar da Lahadi muna bitar Turanci da sanin al'amuran yau da kullum. Wasu aikin banki ko na gwamnati suke nema, wasu jarrabawar ƙarin girma ce a gabansu, wasu kuwa 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu waɗanda takarda ta fara shigo musu cikin harka. Fuskoki na canjawa, amma tambayoyin kusan su ke nan kullum. Ga su nan da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, ina da kiredit a Turanci a WAEC, ga kuma digiri. Don me za a sake yi mini jarrabawar Turanci?

Don masu neman aikin sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma kusan kowa yana riƙe da irin takardar da ke hannunka. Jarrabawar rariya ce, tankaɗe ake yi da ita kafin a kira intabiyu. Sannan ba abin da WAEC ta auna take aunawa ba. A can an ba ka lokaci ka zauna ka tsara insha'i. A nan ana son a ga ko za ka karanta umarni sau ɗaya ka gane, ka yanke hukunci kafin agogo ya cinye ka. Tuna yadda ka yi JAMB: tambaya 180 cikin awa 2, guda 60 daga ciki na Turanci ne. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yawancin jarrabawar ɗaukar aiki a kan wannan sawu take tafiya. Na sha ganin mai Turanci kamar ruwa ya faɗi, wanda bai kai shi ba ya haye, don kawai na biyun ya saba da agogo.

Me da me ake tambaya a ciki?

Galibi kashi uku ko huɗu ne. Akwai Turanci: auna fahimta, cike gurbi, kalma da kishiyarta, kalma da takwararta, da gano kuskure a jimla. Akwai lissafin kasuwa. Akwai sanin ƙasa da duniya. In aikin na wani fanni ne, kamar akanta ko injiniya ko jinya, sai a ƙara tambayoyin fannin. Kusan duka canki-canka ne, kuma yanzu a kwamfuta.

Ina ne Hausa ta fi yi mana tarko a Turanci?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin ramukan da Bahaushe ke faɗawa ba su da yawa, kuma an san inda suke. Wanda ya cike su ya rage rabin wahala.

Fara da aro. A wurinmu tushen ɗaya ne: na ari biro, ara mini biro. Bature ya raba su gida biyu, mai karɓa *borrow*, mai bayarwa *lend*. Shi ya sa *borrow me your pen* ke fitowa daga bakinmu ba tare da mun ji komai ba, masu shirya jarrabawa kuwa sun san haka, suna sa ta da gangan. Haka kalmar ji. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin yunwa, muna jin Larabci. Kowanne da kalmarsa a Turanci: *hear*, *smell*, *feel*, *understand*.

Sai amsar tambaya mai korewa, wadda ta fi haɗari a ofis fiye da a takarda. In aka ce maka "Ba ka gama rahoton ba?" ka ce "E", kowane Bahaushe ya gane ba ka gama ba. A Turanci in aka ce *Haven't you finished the report?* ka ce *yes*, cewa ka yi ka gama. Wani yaro da na koyar ya taɓa shan faɗa a wurin aikinsa kan wannan: maigidansa ya shiga taro da tabbacin rahoto ya kammala, alhali yaron gaskiya ya faɗa, da Hausa a cikin rigar Turanci. Ƙa'idar ita ce ka manta da yadda aka juya tambayar. In ka yi, *yes*. In ba ka yi ba, *no*.

Akwai kuma "ko?" ɗinmu, wadda ke shiga ƙarshen kowace jimla ta zauna daram. Mun ɗauka *isn't it* ita ce madadinta, sai mu liƙa ta ko'ina. Ba haka ba ne, wutsiyar tana bin aikatau ɗin jimlar: *You sent the file, didn't you? She can type, can't she?*

Jam'i ma yana yaudara. Muna cewa kayayyaki, bayanai, shawarwari, to sai hannu ya rubuta *equipments*, *informations*, *advices*. Waɗannan, da *furniture* da *luggage* da *stationery*, ba sa ɗaukar *s* ko da sun cika tirela. Kalmomin ofis ne, don haka suna yawan fitowa.

Babban aiki shi ne aikatau. A Hausa lokaci yana rataye ne a wuyan wakilin suna: na tafi, ina tafiya, zan tafi. A Turanci aikatau ɗin kansa ke rikiɗa, *go*, *went*, *gone*, kuma masu taurin kai irin wannan ba su da wata dabara sai hadda. Ka rubuta su a takarda, ka riƙa bi kamar yadda aka yi mana jadawalin sau a firamare.

Game da *a* da *the*, ga wata 'yar dabara da ba kullum take ci ba amma tana taimako: inda Hausa za ta ce wani littafi ko wata wasiƙa, *a* ce, inda za ta ce littafin ko wasiƙar, wato wadda muka sani ni da kai, *the* ce.

Kada dai ka ɗauka duk hasara ce. Harshenmu ya raba shi da ita, har ma kai da ke, don haka *he* da *she* ba sa rikita mu yadda suke rikita masu harsunan da ba su da wannan rabo. Sai dai mu kula, mota da kwamfuta da wasiƙa mata ne a Hausa, a Turanci kuwa duk *it* ne.

Ana yi mini dariya kan p da f. Zai hana ni samun aiki?

A jarrabawar kwamfuta ba mai jin muryarka. Inda abin zai cuce ka shi ne in ya sauko cikin rubutu, ka rubuta *fill* a maimakon *pill*, ko *full* a maimakon *pull*. A intabiyu kuwa abin da ake so shi ne a gane ka. Hausa ba ta raba waɗannan sautuka biyu ba, shi ya sa kunnenmu bai saba ba. Ba nakasa ba ce. Riƙe takarda a gaban bakinka: *p* leɓe biyu ne suke haɗuwa su fashe, takardar ta motsa, *f* haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa, iska na zirarowa. Minti biyar kullum ya isa. Masu dariyar ka tuna musu cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauci, shi aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya ta Afirka saboda yadda Turanci ke fita daga bakinsa.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ba jarrabawa zan yi ba. Yarona ke karanta mini takardun kaya. Wane Turanci ya kamata in sani da kaina?

Alhaji, kalmomin da kuɗinka ke rataye a kansu ba su wuce talatin ba, kuma bai kamata a ce sai an karanta maka su ba, ko da ɗan cikinka ne.

Takardun ciniki suna da jeri. *Quotation* farashi ne aka faɗa maka, ba ka ci bashin kowa ba. *Proforma invoice* takardar share fage ce, da ita ake buɗe *Form M* a banki kafin shigo da kaya Najeriya. *Invoice* ita ce neman biya. *Receipt*, rasit ɗinmu, shaidar an biya. *Bill of lading* kuwa takardar jirgin ruwa ce, wanda ke riƙe da ita shi ke da ikon karɓar kaya, don haka a adana ta kamar takardar gida.

Sai haruffa ukun nan da ake rubutawa kusa da farashi. Suna cikin ƙa'idoji 11 da ake kira Incoterms, waɗanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya mai hedikwata a Faris ke fitarwa tun 1936, na baya-bayan nan a 2020. In ka ga FOB, mai sayarwa zai ɗora maka kaya a jirgi a tashar ƙasarsa, daga nan kuɗin jirgi da inshora naka ne. In ka ga CIF, ya biya kuɗin jirgi da inshora har tashar da kuka ambata, a ce Apapa. Amma ga inda mutane ke ruɗewa: ko a CIF, da zarar kaya sun hau jirgi asarar hanya a wuyanka take, inshorar ce za ka bi. Kuɗin kwastan da fito da kaya ma naka ne. Farashin FOB da na CIF ba a gwada su kai-tsaye a ce wannan ya fi araha. Ka kuma san *demurrage*, tarar da ke hauhawa kullum in kwantena ta wuce kwanakin da aka ba ka ba ka ɗauke ta ba.

Na ƙarshe, *gross* da *net*. Na farko duka-duka ne, da buhu da kwali da haraji. Na biyu abin da ya rage bayan an cire. A nauyi haka, a riba haka, a albashin yaran shago ma haka.

Lissafi ba ya ba ni tsoro, amma in aka rubuta shi da Turanci sai in rikice.

To ba lissafin ne matsalar ba, 'yan kalmomi ne. *Increased by* 20 daban, *increased to* 20 daban: na farko an ƙara ashirin, na biyu an kai ashirin. *At least* 5 ya haɗa da biyar ɗin, *more than* 5 bai haɗa ba. Ga wanda ya fi kama mutane: ka sayi atamfa naira 8,000 ka sayar 10,000. Ribar 2,000 ce ko ta ina, amma in aka tambayi *markup* a kan kuɗin saye ake auna ta, kashi 25 cikin 100. In *margin* aka ce, a kan kuɗin sayarwa ne, kashi 20. Dukansu biyu za ka gan su cikin zaɓin amsa, suna jiran wanda bai karanta da kyau ba. Haka in aka ƙara kashi 20 a kan 100 sannan aka rage kashi 20, ba 100 za a koma ba, 96 ne. Shawarata, ka mayar da tambayar Hausa a zuciyarka, kamar a kasuwa ake yi maka ita. Ba wanda zai cuce ka a lissafin kasuwa.

Ni makanike ne, ƙanena kuma mai wayarin. Muna son yin gwajin sana'a mu nemi aikin kamfani, amma Turancinmu bai taka kara ya karya ba.

Kun fi yadda kuke zato sani. Duk ranar Allah kuna Turanci a gareji, sai dai Turancin ya sa babbar riga. Kafireta *carburettor* ce, lagireto *radiator*, salansa *silencer*, kuloci *clutch*, birki *brake*, totur *throttle*, sitiyari *steering*, fulogi *plug*. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, sai ta zuba wasula a tsakani, shi ya sa *screwdriver* ta zama sukurudireba. Aikinku shi ne ku tuɓe wa kalmar rigar ku ga yadda ake rubuta ta. Ku samu littafi, ku ja layi a tsakiya, hagu sunan gareji, dama rubutun Turanci. Kafin wata guda za ku tara fiye da ɗari, kuma ba wadda za ku yi wahalar gane ma'anarta, tunda da hannunku kuke taɓa ta. Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mataki uku ne, ana farawa daga na 3 a hau zuwa na 1, kuma akwai NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, ga mai son takardar da za ta kai shi makarantar gaba.

Abin da kamfani ya fi matsawa a kai shi ne Turancin kiyaye haɗari. Launin allo magana ne: ja hani ko kayan kashe gobara, ruwan ɗorawa gargaɗi, shuɗi umarni ne na dole kamar sa hular kwano, kore hanyar tsira ko taimakon gaggawa. A littafin aiki *shall* da *must* tilas ne, *should* shawara ce, *may* izini. Kalma ɗaya kuma da nake so ku riƙe da kyau ita ce *inflammable*. Ganin *in* a gabanta sai mutum ya zaci ba ta kamawa da wuta. Ƙarya ne, ma'anarta ɗaya da *flammable*, mai saurin kamawa. Wadda ba ta kamawa ita ce *non-flammable*.

Ga ƙanenka: ƙarfin wutar gida a Najeriya *volt* 230 ne, a kan *hertz* 50. A tsohon tsarin launin waya ja ce mai wuta, baƙa ce nutural. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, kore da ɗorawa ta ƙasa. Zai tarar da duka biyun a gine-gine, kuma ana tambayar duka biyun.

Ina matakin albashi na 9, jarrabawar ƙarin girma ta ƙarato. Me zan karanta?

Hajiya, littattafai biyu ne ginshiƙi: dokokin aikin gwamnati da ƙa'idojin kuɗi. Nemi sabon bugu na dokokin, wanda aka sabunta a 2021, kada ki dogara da tsohon da ke cikin durowar ofis tun zamanin wani darakta. Abubuwa sun shigo, misali hutun kwanakin aiki 14 ga magidancin da matarsa ta haihu.

Akwai lambobin da ba sa wuce jarrabawa. A aikin tarayya, mai mataki na 6 zuwa ƙasa yana shekara 2 kafin a duba ƙarin girmansa, na 7 zuwa 14 shekara 3, na 15 zuwa 17 shekara 4. Sabon ma'aikaci yana shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da shi. Ritaya shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8, mai ba da aiki kashi 10. In ke ma'aikaciyar jiha ce, duba dokokin jiharku, don ba kowace ce ta bi tarayya sawu da ƙafa ba.

Sai harshen fayil, wanda kike gani kullum wataƙila ba ki taɓa tambayar cikakkensa ba. K.I.V. a ajiye ana lura, B.U. a sake kawo fayil ranar kaza, P.A. a mayar ma'ajiya an gama, F.N.A. a ɗauki matakin da ya dace, U.F.S. wasiƙa ta bi ta hannun shugabanki kafin ta wuce. Ki san bambancin *misconduct* da *serious misconduct*, da na *interdiction* da *suspension*, da na *termination* da *dismissal*, domin wanda aka yi wa na ƙarshen nan ya rasa haƙƙoƙinsa. Masu jarrabawa suna ƙaunar irin waɗannan tagwayen kalmomi.

Sanin al'amuran yau da kullum ba shi da iyaka. Ta ina zan kama?

Raba shi biyu: wanda ba ya motsi da wanda ke motsi.

Na farko hadda ce ta mako biyu. An haɗe Arewa da Kudu a 1914. 'Yancin kai 1 ga Oktoba 1960, jamhuriya 1963. Jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Ƙananan hukumomi 774, Kano ce kan gaba da 44. Sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. Naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973, shekarar da aka kafa bautar ƙasa. Babban Banki ya fara aiki a 1959. Gwamnati ta koma Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. An samu man fetur a Oloibiri a 1956. In banki kake nema, ƙara da cewa lambar asusu 10 ce, BVN da NIN kowacce 11.

Na biyu shi ne mai kayar da gwanaye, don abin da ka haddace bara yana iya zama kuskure bana. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020. Ranar dimokuraɗiyya ta bar 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni. Taken ƙasa ya koma na farko a Mayun 2024. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975 mun daɗe muna cewa ƙasashe 15, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025. Wannan kashi ba ya cikin littafi, yana cikin jarida da rediyo. Kafin ka shiga ɗakin jarrabawa kuma, ka san sunan shugaban hukumar da kake neman aikinta, da ministan da take ƙarƙashinsa, da shekarar da aka kafa ta. Abin kunya ne a tambaye ka wannan ka yi zuru.

Tsofaffin tambayoyin da ake turawa a WhatsApp fa?

Yi amfani da su don sanin salon tambaya da gwada saurinka. Amsoshinsu kuwa kada ka yarda sai ka bincika. Da yawansu wani ne ya zauna ya cike da ka, aka yi ta kwafa har kuskuren ya zama kamar gaskiya.

Yaya zan tsara bita ta kullum? Ina da aiki da iyali.

Minti 40 kullum ya fi awa 6 ranar Lahadi. Ni ga yadda nake sa ɗalibaina. Ka saurari labarai da Hausa da safe, BBC ko DW ko gidan rediyon jiharku. Da rana ka nemi labarin nan dai a jaridar Turanci, a ce Daily Trust, ka karanta. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai tafi kan yadda aka faɗe shi, sai ka ga ashe gibin kasafin kuɗi shi ne *budget deficit*, hauhawar farashi *inflation*, tallafi *subsidy*. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, Turanci da sanin duniya. Da dare tambaya 20, da agogo a gabanka.

Amma abin da ya fi duk wannan shi ne littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta ta, da amsar da ka zaɓa, da dalilin da ya sa ka zaɓe ta. Dalilin nan shi ne maganin. Bayan mako uku in ka duba za ka tarar kuskurenka iri huɗu ne ko biyar suke ta dawowa da sabuwar riga. Wani gaggawa ce, ba ya ganin *not* da *except* a cikin tambaya. Wani aikatau ne. Kowa da nasa, kuma ba malamin da zai gano maka shi kamar littafin nan.

Sabuwar kalma kuma kada ka rubuta ta ita kaɗai kamar marainiya. Rubuta ta da abokan tafiyarta: *comply with*, *responsible for*, *apply for a job*, *apply to a company*. Cike gurbi yawanci waɗannan ƙananan kalmomin yake nema.

Ban taɓa zama gaban kwamfuta ba sai waya.

Je shagon intanet ko cibiyar da ake JAMB ka biya kuɗin awa biyu ko uku kafin ranar. Abin da kake buƙata kaɗan ne: riƙe linzami, zaɓar amsa, matsawa gaba, komawa baya, da sanin cewa in ka danna *submit* an rufe, ba gyara. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, don haka duk ƙanenka da ya yi ta zai iya nuna maka cikin rabin awa.

In an ce in rubuta wasiƙar aiki, me ake dubawa?

Tsari da taƙaitawa. In ka buɗe da *Dear Sir* ko *Dear Madam*, ka rufe da *Yours faithfully*. In ka ambaci sunan mutum, *Yours sincerely*. Kanun magana a sama, buƙatarka a jimlar farko. A nan tarbiyyarmu ke ja mana baya. Mun saba ba a shiga magana sai an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da sanyi, kuma wannan abu ne mai kyau a zaure. A wasiƙar ofis ba a yi. Haka roƙo da Allah da Annabi da bayyana halin da gida ke ciki, ba ya ƙara maki, yana ragewa. Faɗi aikin da kake nema, inda ka ga tallarsa, abin da ka iya, ka sa hannu. Ka kuma guji manyan kalmomin da ba ka da tabbacinsu. Na fi son in ga *use* a wurinta da in ga *utilise* ta ɓata hanya.

Rubutun Ingila zan bi ko na Amurka?

Na Ingila, shi makarantunmu da ofisoshinmu suka gada: *cheque*, *labour*, *centre*, *programme*. Wayarka da kwamfutarka wataƙila na Amurka suke gyara maka, sai ka canja saitin. Inda abin ke da haɗari shi ne kwanan wata: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. In takarda za ta ƙetare teku, rubuta sunan watan da haruffa.

Ni daga Maraɗi nake, da Faransanci na yi karatu. Zan iya kamo su?

Ɗan'uwa, a wani fannin ma ka riga su. Kalmomin ofis da na shari'a da na kasuwanci a Turanci da yawansu daga Faransanci da Latin suka zo, don haka *administration* da *contract* da *finance* ba baƙinka ba ne. Abin da za ka kiyaye shi ne masu kama da juna amma ba 'yan gida ɗaya ba. *Actually* ba ta nufin yanzu, tana nufin a gaskiya. *Assist* taimako ne, halartar taro *attend* ne. Abin da kuke kira *formation* shi ne *training*, *stage* kuwa *internship*. *Demand* a Turanci nema ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi; in roƙo kake yi, *request* za ka ce, in ba haka ba wasiƙarka za ta fito da rashin kunya ba da niyyarka ba. Lambobi ma a kula: inda kuke sa waƙafi a 7,5 Turanci ɗigo yake sawa.

IELTS ɗin da ma'aikatan jinya ke yi don fita waje, iri ɗaya ce da waɗannan?

A'a, wannan ba canki-canka ce zalla ba, kuma ba ruwanta da sanin tarihin ƙasa. Kashi huɗu ce: saurare, tambaya 40; karatu, tambaya 40 cikin awa 1; rubutu biyu cikin awa 1, ɗaya aƙalla kalma 150, ɗaya 250; sai hira da mai jarrabawa ta minti 11 zuwa 14. Maki daga 0 zuwa 9 ne, kuma yawancin hukumomi shekara 2 suke karɓar sakamakon. Iri biyu ce, ta masu karatu da ta gama-gari, don haka ki tabbatar da wadda hukumar da za ki nema take so kafin ki biya, kuɗin ba kaɗan ba ne. A abin da na gani, mutanenmu rubutu ne ke riƙe su, ba magana ba.

Wani ya ce in ba shi kuɗi zai sa sunana a jerin waɗanda suka ci.

Kada ka ba shi. Sanarwar ɗaukar aikin gwamnatin tarayya ka neme ta a shafin hukumar mai ƙarewa da .gov.ng ko a jaridun ƙasa. Wanda ya turo maka lambar asusunsa na kansa ya ce kuɗin fom ne, ka san inda ya dosa.

In lokaci ya kusa ƙarewa ga sauran tambayoyi, in yi canke ko in bar su?

Karanta umarnin farko kafin ka fara, a nan ake faɗa ko ana rage maki kan amsar da ba daidai ba. In ba a ragewa, kada ka bar ko ɗaya fayau. In ana ragewa, canki wadda ka iya fitar da zaɓi biyu daga cikin huɗu, ka bar wadda ba ka san komai a kanta ba. Tun farko ma kada ka tsaya kokawa da tambaya ɗaya: wadda ta wuce minti ɗaya ba ta ba da kai ba, yi mata alama ka wuce, in lokaci ya rage ka dawo. A auna fahimta kuma fara karanta tambayoyin kafin nassin, don ka san abin da kake nema a ciki.